Halwar Dillalin Shanu

Na dawo Daura daga Malesiya, inda na yi karatun injiniyan ruwa, ba ni da tsayayyen ra'ayi a kan sufanci. Abokaina na masallacin jami'a sun ce bidi'a ce, kuma suna da hujjojinsu. Wani malaminmu Bature kuwa, duk hutu sai ya biya kuɗi masu yawa ya tafi wani gida a kan dutse, a karɓe masa waya, ya zauna ba ya magana da kowa, ya dawo yana cewa ya wartsake. Ni a raina ina ganin zikiri da wazifa abin tsofaffi ne, suna rage lokaci tsakanin Magariba da Isha'i tunda duniya ta wuce ta bar su. Amma na kasa gane abin da zai sa mai ilimi irin na Baturen nan ya sayi abin da tsofaffin unguwarmu suke nema kyauta. Da wannan shakkar nake yawo har Kawu Kalilu ya zo aron gidana.

Kawu Kalilu ƙanen mahaifiyata ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua. In ka ce wa wanda ya san shi a kara, wato kasuwar shanu, sufi ne, dariya zai yi maka. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kuwa tana riga shi isa wuri. A wani ƙauye kusa da Zango aka haife shi, gidan noman gero da 'yan shanu kaɗan. Yana saurayi ya fara kora wa fatake shanu a ƙafa daga bakin iyaka zuwa kasuwa. Da wani tsohon dillali ya ga yaron ba ya gajiya da surutu, sai ya ja shi jikinsa ya koya masa riƙe igiya. Tun daga nan da baki yake ci. Zai tsaya tsakanin Bafillacen da bai so rabuwa da sansa ba da mahaucin da bai so rabuwa da kuɗinsa ba, ya zagi wannan cikin wasa, ya roƙi wancan, ya yi fushin ƙarya ya tafi, ya dawo ya haɗa hannuwansu da ƙarfi har sai an ce an sallama. Da la'adar nan ya yi aure, ya gina gida a Daura, ya aurar da 'ya'ya.

Shekarar da mahaifinsa ya rasu ya je Dutsi ya karɓi wuridin Tijjaniyya a hannun wani muƙaddami, Malam Jibrilu. Mahaifiyata ta ce kowa ya ɗauka zafin mutuwa ne, zai bari. Bai bari ba. Lazimin safe da na yamma ba sa wuce shi, ko a bayan mota yake da shanu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: halwa. Yana so a rufe shi a ɗaki shi kaɗai da ambaton Allah, kamar yadda ya ji an yi wa almajiran malamin na farko. Duk shekara sai ya roƙa, duk shekara Malam Jibrilu ya ce masa, "Bakinka bai gaji ba tukuna, Kalilu." Ya fara roƙon yana da baƙin gemu. Sai da gemun ya yi fari fat, malamin kuma ya tsufa har ana riƙe shi zuwa masallaci, sannan ya ba shi izini.

Wata ranar bazara ya same ni a ƙofar gidanmu ina wanke babur.

"Yazidu, kangon nan naka na hanyar Zango, an sa masa ƙofa?"

"Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa, Kawu. Ko silin babu. Shanu za ka ajiye?"

"Sa guda ne, tsoho, ba ya cin dusa da yawa." Ya nuna ƙirjinsa.

Ya zauna a kan benci ya zayyana mini yadda ya sha yawon neman wuri. Gidansa ba zai yiwu ba, don injin niƙa yana jikin katangarsa, ga jikoki, ga Inna Zubaida matarsa da ba za ta iya wuce ƙofa a rufe ba ta tambayi lafiya ba. Ɗakin da ke jikin zawiyar Dutsi, inda na da suka yi tasu halwar, an fasa masa ƙofa ta waje an ba mai cajin waya haya. Ya yi tunanin bukkar gonarsa, amma yanzu wa ke kwana a daji shi kaɗai? In ɓarayi ba su same shi ba, 'yan sintiri za su ce shi ne mai kai wa ɓarayin labari.

"Ƙasar nan duk faɗinta," in ji shi, "na rasa inda mutum zai zauna ya yi shiru."

Sharuɗɗan da malamin ya gindaya masa ba su da yawa. Zai shiga bayan sallar Juma'a, ya fito da safiyar Juma'a mai zuwa, don kada ya rasa jam'in ko ɗaya daga cikinsu. Zai yi azumi da rana, abinci kaɗan, ba nama. Akwai abin da aka ba shi ya riƙa ja, wanda bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Babban sharaɗin shi ne kada ya yi magana da ɗan Adam. In kalma ɗaya ta fita zuwa ga mutum, halwa ta warware, kuma ba shi da ikon sake shiga sai ya koma Dutsi an sabunta masa izini.

Na tambaye shi abin da yake nema a ciki. Ya ce shekara da shekaru yana jin ana cewa akwai wani ɗanɗano, yana ganin mutane suna kuka a zikirin Juma'a, shi kuwa ko ƙwalla. "Ina tallar abin da ban taɓa ci ba," ya ce. "Ina so in lasa kafin a kai ni."

Aikina shi ne in kai masa kunu da dabino da ruwa gab da Magariba, tare da furar sahur, in ajiye a bakin ƙofa in tafi. Ya ba ni wayarsa ya ce in kashe. Sha'anin kasuwa ya bar wa abokinsa Jafaru, wanda suka yi shekaru suna zama a inuwa ɗaya. Jafaru ne ya kawo shi a babur ran Juma'ar, da buzu da buta da tasbaha.

"Injiniya, ka sa ido," in ji Jafaru. "In ka ga hayaƙi yana fita ta taga, rauhanai ne suka kawo masa kuɗi. Ka kira ni kafin ya ɓoye."

"Kai ko a Aljanna sai ka nemi la'ada," in ji Kawu.

"Mutumin da ko a barci ciniki yake yi, wai zai yi mako bai yi magana ba. In ka kai Lahadi, na ba ka akuyata."

"Akuyar taka mai tari? Riƙe abarka."

Ya shiga, ya ja ƙofa, na ji ya sa sakata.

Sai da na zama mai gadin shirun wani na san irin hayaniyar da ke unguwar da nake kira bayan gari. Filin da ke kallon kangona na masu buga bulo ne. Injinsu yana tashi da hantsi, ƙasa ta riƙa girgiza har cikin ɗakin. Tifa tana zuwa juye yashi. Yaran suna da lasifika da suke haɗawa da waya, daga waƙa sai wa'azi, wani lokaci wa'azin ma a kan masu ɗariƙa ne da ɓatansu. Ran Asabar na je na roƙi babbansu ya rage.

"Mara lafiya gare ka a ciki, Injiniya?"

"Baƙo ne, yana ibada."

"Ai wa'azi ne muka sa. Ya ƙaru mana."

Ya rage na ɗan lokaci, kafin in hau babur an mayar. Washegari labari ya zaga cewa akwai malami a kangon Injiniya yana halwa. Na tarar da wata mata a tsugune a bakin ƙofa tana faɗa wa katako sunan ɗanta da ke neman aikin kwastan. Da ƙyar na lallashe ta ta tashi, tana cewa ai ba kyauta take so ba. Wani kuma ya tare ni a hanya yana tambaya ko malamin yana aikin siyasa. Ba wanda ya yarda cewa mutum zai rufe kansa a ɗakin kwano cikin zafin bazara, da azumi a bakinsa, ba don ya fito da wani abin sayarwa ba. Inna Zubaida tana kirana safe da yamma: ya sha kunun? Ya rage? In leƙa ta taga mana in ga ko yana motsi. Ni da na shiga lamarin da shakka, sai ga ni ina faɗa da mutane a kan halwar da ban tabbatar da amfaninta ba. Abin da na sani kawai, kullum ina samun kwanon jiya a wanke a bakin ƙofa, kuma Lahadi ta wuce bai fito ba.

Ran Laraba da hantsi ina wurin aiki Jafaru ya kira ni, ya ce in same shi a kangon yanzu. Na tarar da shi yana zagaye, hularsa a hannu, ba alamar wasa.

Akwai wani makiyayi, Hamma, da ya daɗe yana kawo wa Kawu dabbobi daga ƙetaren iyaka. Kasuwar da ta wuce kafin halwa, Kawu ya sayar masa da wani jan sa. Yanzu wani mutum ya ga san a hannun wanda ya saya, ya ce nasa ne da aka sace masa. 'Yan sintirin kasuwa sun kama Hamma tun da safe, suna tsare da shi, mutane kuma sun fara taruwa. A al'adar kara, dillalin da ya riƙe igiyar dabba shi ne lamuninta. Shi zai tsaya ya ce ya san mai ita, ya san garkenta, ya san ba ta sata ba ce. In bai zo ba, ana ɗauka gudu ya yi.

"Baba Jafaru, kai ma ka san Hamma. Ka tsaya masa mana."

"Na tsaya. Sun ce ba ni na riƙe igiya ba."

"Jibi zai fito. Ba za su jira ba?"

"Injiniya, kai baƙo ne? Bafillace ne aka ce ya saci sa, a wannan zamanin. Kana ganin zai kai jibi da haƙoransa? In ba za ka buga ƙofar nan ba, matsa in buga."

Na tsaya a gaban ƙofar. Injin bulo yana ta aikinsa a bayana. Na san shekarun da mutumin da ke ciki ya yi yana jiran wannan makon, na kuma san saura kaɗan ya kammala. Na duba ko akwai wata hanya, ban samu ba. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na faɗi abin da ya faru a taƙaice, bakina kusa da katako.

Jafaru ya fara matsowa. Sannan muka ji muryar Kawu, ta dushe kamar ba tasa ba.

"Sun taɓa shi?"

"Da na baro ba su taɓa shi ba," in ji Jafaru.

Sakata ta yi ƙara. Ya fito yana kare ido da hannu, ya rame, leɓunansa sun bushe. Bai dube ni ba. Ya sa takalmi ya hau bayan Jafaru, ni kuma na bi su a nawa babur ɗin.

Mun isa Mai'adua wajen Azahar. A gindin bishiyar da ke gaban rumfar 'yan sintiri muka ga Hamma zaune a kan tabarma, yana shan fura, sandarsa a gefe. Ba taro, ba kowa sai 'yan kasuwa kaɗan da ke hira. Ashe bayan tafiyar Jafaru an kawo san, mai ƙarar ya zagaya shi da kyau, ya duba kunnuwa, ya ce nasa yana da tsaga a kunnen hagu, wannan kuwa babu. Ya ba da haƙuri, ya sayi furar da Hamma ke sha, ya tafi. An yi ta kiran Jafaru a gaya masa, wayarsa tana aljihu, ƙarar babur ta hana shi ji.

Hamma ya taso da murna. "Kalilu, ashe ka zo. An ce ka yi tafiya. Wallahi da ba ka wahalar da kanka ba."

Kawu ya tsaya yana kallonsa. Kafin ya ce wani abu, dillalan da ke wurin suka gane shi.

"Ga waliyyi ya sauko."

"Malam Kalilu, rauhanan sun faɗa maka farashin ragon layya na bana?"

"A taɓa shi a sami albarka, kafin ya fara rantsuwa ta zube."

Sai Kawu ya juya kan Jafaru. Ban taɓa jin Kawu yana faɗa ba wasa a ciki sai ranar. Ya ce masa mai gaggawar banza, wanda aka ba amanar mako guda ya kasa riƙewa, mai waya kamar ba shi da ita. Jafaru ya ce da an fasa wa Hamma kai fa, da wa za a zaga? Kawu ya ɗaga yatsa sama zai rantse, ya tsaya da hannun a sama, ya sauke shi a hankali. Ya nemi buta ya yi alwala. Azuminsa dai ya ƙarasa shi, a kan benci a kasuwa, mutane suna ta zuwa tambayarsa abin da ya gani.

Washegari na kai shi Dutsi. Malam Jibrilu yana kwance a zaure a kan katifa, ɗansa Mahdi yana yi masa fifita. Kawu ya durƙusa ya ba da labari tun daga farko, bai rage komai ba.

"An saki Bafillacen?" in ji malamin.

"Allah gafarta Malam, tun kafin in isa."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Mahdi ya tallafe shi ya ba shi ruwa. Na zaci zai ce wani abu da zai sanyaya wa Kawu rai, ko ya ce fitar da ya yi daidai ce, ko ya ce kuskure ce. Bai ce ko ɗaya ba.

"Allah gafarta Malam, a sabunta mini. Ɗakin yana nan. Gobe Juma'a."

"Ruwa ya kusa sauka. Je ka yi shuka. Ka dawo da kaka."

"Malam, kwana nawa ya rage mini a duniya, balle..." Bai ƙarasa ba.

"Da kaka, Kalilu."

A hanyar dawowa da muka shigo Daura, Kawu ya ce in ba shi wayarsa. Yana kunna ta ta fara ƙara.

Malam Jibrilu bai ga kakar ba. Ya rasu gero yana fitar da kai. Bayan an share makoki Kawu ya sami Mahdi, wanda ya gaji zawiyar, ya maimaita roƙonsa. Mahdi mutumin kirki ne, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce shi izinin ba da wuridi kawai mahaifinsa ya bar masa, na sa mutum a halwa kuwa bai ba shi ba, kuma bai san wanda ya ba wa ba. Ya ce akwai malamai a Kano, in Kawu yana so a bincika. Kawu ya ce malamin da bai san bakinsa ba, ina zai san ko ya gaji? Na ce masa ɗakin nawa ne, ƙofar tana da sakata, me zai hana ya shiga kawai ya yi shirunsa? Ya dube ni kamar na ce ya sayar da san da ba a ba shi igiyarsa ba. Ya ce wannan zaman ɗaki ne, ba halwa ba.

Har yau yana kara. Muryarsa ta dawo, ya shirya da Jafaru, Hamma yana kawo masa shanu. Ni kuma na ƙarasa ginin na tare, ɗakin ya zama na baƙi. Shakkata ba ta tafi ba, sai dai ta sauya wuri. A da ina tambaya ko abin nan yana da amfani a zamaninmu. Yanzu abin da ke ci mini rai shi ne, mutum ya nemi abu da gaske, bai cuci kowa ba, zamanin ya kasa ba shi ko mako ɗaya a gwada a gani.

Na daɗe ina so in yi masa tambayar da 'yan kasuwa suka yi masa cikin tsokana, amma ina jin nauyi. Rannan ya biyo ta gidana da La'asar daga gona, ya zauna a ƙofa yana jiran rana ta yi sanyi. Injin bulo yana aiki. Na kawo masa ruwa, na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Kawu, a kwanakin nan da ka yi a ciki, ka ga wani abu?"

Ya shanye ruwan, ya juya kofin a hannu.

"Ban ga komai ba. Ji na yi. Injin nan da kake ta faɗa a kansa, bai dame ni ba ko kaɗan. Ni ne na dami kaina. Ina rufe baki sai kasuwa ta ci a cikin kaina. Shanun da na sayar tun ina saurayi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, da masu su, da abin da na faɗa a kan kowanne. Ina jan tasbaha ana tayawa, ina cewa albarka. Haka na yi ta fama har daren Talata. Ran Laraba da safe, bayan na idar da lazimi, sai na ji kasuwar ta fara watsewa, kamar yadda take yi in Magariba ta gabato, ana kwance igiyoyi, kowa yana kama hanya. Saura 'yan mutane kaɗan. Na ce bari in ga abin da ke zama a filin in kowa ya tafi. Sai ka ƙwanƙwasa."